Ranar da Tuwo Ya Huce Saboda Buta

Duk shekarun da na yi a aikin bishara, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da tuwo ya huce a gabanmu saboda buta. Kuna dariya ko? To ku saurara, musamman ku da za a tura ƙauye kwanan nan.

A lokacin ina mai bishara. Ga wanda bai sani ba, shi ne matakin ƙasa a aikinmu. Sama da shi fasto, sai Rabaran, sai shugaban gunduma, wanda duk majami'un yankin ke hannunsa. An tura ni wani ɗan ƙauye tsakanin Tsanyawa da Shanono, majami'ar ƙasa mai rufin kwano, gonakin gero da gyaɗa har bakin ƙofarta.

Na tarar da rigima ta nuna. Dattawa biyu ne ke neman zama shugaban dattawan ikkilisiya, wato Baba Nomau da Baba Tanko. Baba Nomau ya ce shi ya ba da filin da aka gina majami'ar. Baba Tanko ya ce an yi masa baftisma tun Nomau yana tallar giya. Dangin wannan su zauna dama, dangin wancan su zauna hagu. Wata Lahadi har waƙa biyu aka tayar lokaci guda, ni kuwa ina tsakiya ina motsa baki kawai, don kada a ce na bi wani.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, gunduma ta yanke shawara: in ba a shirya ba, za a janye ni a rufe majami'ar, a haɗa mutanen da ta wani gari mai nisa. Samari masu babur ba ruwansu. Amma tsofaffin matan nan da ke zuwa da sanda, shi ke nan sun rabu da sujada. Abin ya dame ni ƙwarai, har na rame.

Bayan girbi sai shugaban gunduma, Rabaran Ishaku, ya zo da kansa. Tsoho ne mai furfura da ciwon gwiwa, mutumin da ko fastoci ba sa zama sai ya zauna. Ƙa'idar irin wannan zama ita ce ya saurari kowane ɓangare shi kaɗai, sannan ya haɗa su, sannan ya faɗi hukunci. Amma a ƙauye ba a magana da baƙo ciki wayam. Muka shimfiɗa tabarmi a gindin maina, muka gayyato mai unguwa Malam Sule, Musulmin maƙwabcinmu wanda ya ara mana tabarmin. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, har da zabi.

Nan fa aka tsaya. Kun san ba a sa hannu a kwano sai an wanke, kuma ƙarami ne ke zagayawa da buta yana zuba wa manya. Ashe dangin Baba Nomau sun gargaɗi nasu kada wanda ya kuskura ya zuba wa Tanko ruwa, dangin Baba Tanko ma haka. Na yunƙura zan ɗauka da kaina, sai na tuna duk wanda na fara da shi cikin su biyun, na naɗa shi ke nan. Na koma na zauna ina zufa. Buta tana tsakiya, tuwo yana hucewa, kowa ya dage da kallon ganyen maina.

Malam Sule ya sunkuyo ya raɗa mini, "Malam, yau azumi kuke ne? Da kun faɗa mini na karya a gida."

Sai muka ga Rabaran ya dafa ƙasa ya miƙe da ƙyar. Ya tuɓe babbar rigarsa ya rataya a reshe, ya ɗauki buta da tasa. Ya nufi mai unguwa, tunda shi ne baƙo. Malam Sule ya zabura, "Subhanallahi! Baba, rufa mini asiri!" Rabaran ya ce, "Miƙo hannu, Malam, gwiwar nan ba ta son jira." Dole ya miƙa.

Daga nan ya ja ƙafa zuwa tsakanin dattawan nan biyu, ya durƙusa, gwiwar ta yi ƙara har muka ji. Ya ɗaga buta ya ce, "To, wanda ya fi girma a cikinku ya miƙo hannu in fara da shi."

Kai! Ban taɓa ganin hannu ya ɓace da sauri haka ba. Baba Nomau ya cusa nasa cikin riga, Baba Tanko ya zauna a kan nasa. Wa zai yarda gari ya ji cewa ya miƙa hannu Rabaran yana durƙushe gabansa?

"Tanko ne babba," in ji Baba Nomau, yana kallon ƙasa.

"Ni? Kai da ka ba da fili?" in ji Baba Tanko.

"To ku bar ni a durƙushe," in ji Rabaran. "Ba inda za ni."

Kunya ta kama su. Baba Tanko ya cafke butar yana cewa, "Kawo, Baba, ni zan zuba." Baba Nomau ya riƙe bakinta, "A'a, ni zan zuba!" Ja in ja, sai ruwan ya tuntsure a kan Rabaran, ya jiƙe sharkaf. Na ce a raina yau aikina ya ƙare. Shi kuwa tsohon sai ya fashe da dariya yana share fuska, ya ce, "Yawwa! Wannan faɗan na yarda da shi. Ku ci gaba."

Aka sake cika buta. Baba Nomau ya zuba wa Baba Tanko, Baba Tanko ya zuba wa Baba Nomau, kowa yana ɓata rai kamar an ba shi maɗaci. Muka ci tuwonmu da sanyinsa.

Rabaran bai saurari ɓangare ko ɗaya ba. Hukuncinsa kawai shi ne su riƙa karɓa-karɓa duk shekara, kuma wanda ke kan shugabanci shi ne mai zagayawa da buta a kowane taro. Ba a rufe majami'ar ba. Kada ku ɗauka sun zama aminai, sun ci gaba da musunsu a kan komai, har da farashin taki.

Abin da na koya ke nan a wannan aiki. Mutanenmu ba sa sauka don an yi musu wa'azin tawali'u, na yi har muryata ta dishe. Suna sauka ne in sun ga wanda ya fi su ya riga su zuwa ƙasa. In an ba ku muƙami, ku tuna.

Shekarar da Baba Tanko ya rasu, shi ke kan shugabanci. Da masu haƙa kabari suka fito za su wanke hannu, sai ga Baba Nomau da buta, yana bi yana zuba musu duk da tsufansa. Wani ya ce ya kawo a taimaka masa. Ya ƙi, ya ce, "Aikin Tanko ne, ni nake riƙe masa."