Inna Tafinta da Hirar Mai Aski

Shekara ashirin da biyu, duk Talata da Alhamis, za ka ga Inna Tafinta a ƙofar gidan yari. Ta ajiye waya, a zazzage mata jaka, ta wuce ɗan ɗakin nan mai benci biyu da taga ɗaya. Tafinta ce: masu bincike daga jami'a su yi tambaya, ta juya wa fursunoni, ta juyo amsa. Jiya ta yi ritaya, kuma wallahi bakina ba zai yi shiru ba!

Inna Tafinta ba ta karɓar "na yarda" in gandiroba na tsaye. Sai ya ja baya, ta rage murya: "Ɗana, hirar nan ba za ta rage maka ko kwana ɗaya ba fa. In ka ƙi, ba mai ji daga bakina." Da yawa a nan suke tashi, masu bincike na cizon yatsa.

Wata ɗalibar digiri na uku ta ba ni labari da bakinta. Ta yi hira da fursunan da ke yi wa gandirobobi aski, ya kwashe duk abin da yake ji game da dukan da ake yi wa fursunoni a wani ɗakin baya ya faɗa mata. Ta fito tana rawar jiki don murna.

"Inna, babin nan ya haɗu! Na ma sauya masa suna."

"'Yata, masu aski nawa ne a gidan nan?"

Ɗaya ne tak, kuma saura masa wata goma sha huɗu a hannun mutanen da ya tona.

Ɗalibar ta yi magiya, har da kuka, wai malaminta na jira. Inna ta ji tausayinta sosai, amma ta kafe. Ta koma ta karanta wa mai askin maganarsa layi-layi. Da ya ji, ya ce, "Inna, ku rufa min asiri." Aka cire babin, digiri ya ƙara shekara guda.

Mai aski ya ƙarasa wa'adinsa lafiya lau, ba wanda ya taɓa shi. Sati biyu da fitarsa sai ga shi a ofishin masu binciken, da ɗiyarsa a kafaɗa: "Yanzu ku buga, ko wasali kada ku rage!" Aka buga kuwa, aka rufe ɗakin baya.

Kai, Inna! Ke ce kunnen da ba ya yoyo. Ke ce kika gwammace a ji haushinki da a daki ɗan wani. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku kuma masu shiga da rikoda, ku yi koyi da ita. Ƙarfe huɗu ku ake buɗe wa ƙofa ku fita, wanda ya ba ku amana yana ciki.