Kakana da Tsamiyar Sintali

Bayan an ba mu jiha, motocin gwamnati suka yi yawa a Jalingo, sai aka ce za a faɗaɗa wata hanya a unguwar Sintali. Tsamiyar da nake kasa doya a gindinta tun haƙorana suna cike, ita aka shafa wa jan fenti. Sarewa ke nan.

Ni aji biyu na yi a firamare, na biyun ma ta taga na bar shi, amma Allah ya ba ni baki. Na tara masu doya da mai faci da mata masu nono, na ce ba sanda, ba zagi, zama kawai za mu yi a gindin itacen. Da na ga jikinsu ya yi sanyi, sai na jawo labarin kakana. Na ce zamanin Turawa an ce ya sauko daga dutse ya ƙi, ya zauna kwana bakwai har Bature ya gaji. A gida kwana uku na ji, huɗun ni na ƙara.

Ranar da wani ma'aikacin gwamnati ya zo da masu gatari, ya same mu a zaune. Shi ma na kawo masa kakana, yanzu ya kai kwana goma.

Sai tsohuwar masu nono, wadda muke ce wa Dada, ta ce, "Kai ɗan nan, na san kakanka. Shi ke ɗaukar wa Bature kujera. Wadda ta zauna a hanya uwata ce, ranar da aka zo hana shanunmu mashaya."

Dariya har da masu gatari. Na ce, "To yallaɓai, ka dai ji, an yi zaman. Gidan da aka yi shi ne kawai na kuskure."

Ma'aikacin ya tambaye ta, "Inna, Baturen yaya ya yi?"

Ta ce, "Kewayewa ya yi."

Ya dubi takardarsa, ya dubi itacen, ya ce masu gatari su koma mota, zai kai maganar sama.

Da aka yi hanyar, sai ta ɗan karkace ta kewaye tsamiyar, direbobi suna tsaki, ni kuwa na ci gaba da kasa doyata a inuwa. Baƙo in ya tambayi dalili, labarin uwar Dada nake ba shi, yini ɗaya tak kamar yadda ta faɗa. Sai bayan rasuwar Dada na fara ƙara mata kwanaki.