Ni Na Kai Shi Ajin Turanci

Na daɗe ina juya wannan labari a raina kafin in yarda in rubuta shi. Nakan fara sai in goge, don ina tsoron kada in faɗi abin da ba haka ya faru ba, ko kuma ya zama na yi da mutum a bayan idonsa. Da na dami maiɗakina da shawara sai ta ce, "Malam, ko dai ka rubuta, ko ka bar mu mu huta da jin sa." Shi ya sa na zauna. Ba zan ambaci sunan kowa ba.

Shekarun baya, bayan babban taron ƙasa da ya kawo ƙarshen mulkin gurguzu a ƙasarmu, lokacin da aka daina kiran juna kamarad aka koma alhaji da mushe, wato malam da Faransanci, kasuwar tsofaffin motocin Turai ta buɗe sosai a Kotonu. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai gida ne a Zongo. Ga wanda bai san aikin ba, mai gida shi ne wanda fatake ke sauka wurinsa, ya ba su ɗaki da abinci, ya haɗa su da masu kaya, ya tsaya musu in rigima ta taso. Kowane baƙo kuma ana haɗa shi da ɗan rakiya, wanda zai kai shi tashar jirgin ruwa da duwan, wato kwastan, da wurin ajiye motoci, ya yi masa tafinta, ya dawo da shi gida lafiya. Ni ne ɗan rakiyar kawu. Na yi lekol, wato boko, har ƙarshen firamare, ina jin Faransanci, ina taɓa yaren Fon na kasuwa, kuma ban taɓa ɓatar da baƙo ba. Ba wani babban muƙami ba ne, amma in na ratsa layinmu da baƙo a bayana, gaisuwar da ake yi mini daban ce. Ina son aikin nan fiye da yadda nake nunawa.

Da, baƙinmu mutanen Kano ne da Maraɗi da Sakkwato, da Hausa ake gama komai. Sai aka fara samun mutanen kudancin Nijeriya, ba Hausa, ba Faransanci. Wata rana kawu ya kira ni ya ce, "Ɗan nan, mutanen nan da hannu muke ciniki da su, abin ya ishe ni. An ce akwai wani mutumin Gana da ke koyar da Turanci a Houéyiho bayan la'asar. Ka je ka koyo mana."

Na ce to, amma ba da son raina ba. Ni ba na son shiga wurin da ban san kowa ba. Sai na tafi wurin abokina, wanda muka zauna benci ɗaya a lekol, muka kuma bar ta tare. Zem yake yi, wato haya da babur, da rigarsa ruwan ɗorawa. Na roƙe shi ya riƙa kai ni, ya kuma zauna da ni a ajin.

Ya ce, "Ni me zan yi da Turanci? Fasinja in ya hau, tafi ne da tsaya."

Na ce, "Ka dai zauna a gefena. Ba sai ka koyi komai ba."

Wannan magana da bakina na faɗe ta, kuma na sha tuna ta.

Ticha, haka muke kiransa, tsohon malamin makaranta ne daga Kumasi, yana jin Hausa irin tasu. Watannin farko ni ne gwanin aji. Gaisuwa, ƙirga, sunayen kaya, duk ina gaba, abokina kuwa rabin lokacin gyangyaɗi yake yi. Sai ranar da Ticha ya ce mun wuce matakin yara. Ya ce, "Go da come kowa ya iya. Mai Turanci na gaske shi ne wanda ya san ja daban, jan abu a ƙasa daban, ɗauka daban, fizga daban. Ku ture bencin nan gefe." Daga ranar, in ya faɗi kalmar aiki, sai ka tashi ka aikata ta da jikinka a tsakiyar aji.

Nan abokina ya farka. Ticha ya ce crawl, sai ga shi yana rarrafe ƙarƙashin benci. Ya ce stumble, ya yi tuntuɓen ƙarya har hularsa ta faɗi. Ya ce squeeze, ya je ya kutsa tsakanin wasu manyan 'yan kasuwa biyu masu teɓa, suna zaginsa suna dariya. Ni kuwa ina zaune da babbar rigata. Magidanci ne ni, da 'ya'ya, ga masu sayar da lemu suna leƙowa ta taga. In wani ya kai labari Zongo cewa an ga ɗan rakiyar alhaji yana rarrafe fa? Na ce wa Ticha gwiwata na ciwo. Daga baya na damu da cewa na yi ƙarya, na koma na gaya masa gaskiya gwiwar lafiyarta ƙalau, kunya ce kawai.

Akwai kuma ranar da ya ce kowa ya faɗi jimla da Turanci cewa ya fizge jakar wata mata. Da aka zo kaina na yi shiru.

Ticha ya ce, "Malam, kai muke jira."

Na ce, "Ticha, ni ban taɓa fizge jakar kowa ba."

"Misali ne."

"Na san misali ne. Amma bakina ne zai faɗa."

Abokina ya ce daga gefena, "Faɗi kawai, in an rubuta zunubi a zuba a nawa, akwai sauran wuri."

Aji ya fashe da dariya. Ni ban yi ba.

Tunda ba zan yi tsalle ba, sai na bi hanyar da na sani. Na ɗauki kalmomin yadda Ticha ya jero su, na haddace su kamar karatun allo, bayan asuba, ina kaɗa jiki gaba da baya. Ba a daɗe ba na iya kawo su tun daga farko har ƙarshe, kowace da ma'anarta, ba gargada. Ticha ya jinjina mini sau ɗaya. Amma abokina yake dafa wa kafaɗa kullum. In mun taso, ina bayansa a kan babur, shi yana ta ihu da Turanci yana faɗin abin da yake yi, ya kauce wa rami ya faɗi kalmarsa, ya wuce mota ya faɗi kalmarta. Ni ina kallon ƙeyarsa. Ina ce wa kaina, wannan da ya zo rakiya.

Da damina ta kankama aka yi mana baƙo daga Anacha, ƙaton mutum mai fara'a, wanda aka ce in ya ji daɗin gida zai jawo mutanensa da yawa. Kawu ya ce, "To, ɗan nan, ga ranar Turancinka." Na kai shi wurin ajiye motoci can bayan Akpakpa. Abokina ne ya ɗauko ni, baƙon ya hau wani zem ɗin. Ciniki ya tafi daidai, na yi tafinta a hankali, ban ji kunya ba. Baƙon ya ce shi zai tuƙo motarsa da kansa. Na shiga gaba kusa da shi, abokina yana binmu a kan babur.

An yi ruwa da safe, kuma wanda ya san hanyoyin wajen ya san rairayi ne a ƙarƙashin kowace kududdufa. Baƙon bai sani ba. Kafin in buɗe baki ya faɗa wata, ƙafafun gaba suka nutse. Ya taka totur, motar ta ƙara zama. Ya sake takawa. Ruwa ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa, in ya kai inji kuwa an gama. Na duba na ga birkin hannu ma bai sauka duka ba. Na san abin da ya kamata ya yi: ya sassauta ƙafa, ya saki birki, ya koma da baya. Kuma wallahi kalmomin nan duk ina da su.

Sai dai tun ina yaro kawu yake gaya mana cewa baƙo ba a ɗaga masa murya, ba a ba shi umarni, shawara ake ba shi, ita ma sai an nemi izini. Don haka na fara da neman afuwa, na ce masa sir, na ƙara neman afuwa. Sannan na laluba kalmar sassautawa, na tarar tana can kusa da ƙarshen haddata, ni kuwa ban iya shiga hadda ta tsakiya ba. Sai leɓɓana suka kama daga farko, ina kaɗa jiki, ina sauri in iso wurin. Baƙon ya dube ni, gumi na zuba masa, ya ce da Turanci in ci gaba da addu'a, ɗan'uwa, muna bukata.

Sai na ji an daki bonet. Abokina ne, ya yar da babur ya shigo ruwa har gwiwa. Ya daka wa baƙon tsawa, "Ease off!" yana ɗaga ƙafarsa sama daga cikin ruwa. Baƙon bai daina ba, sai ya zura hannu ta taga ya buge masa gwiwa. "Release!" yana nuna birki, yana sauke hannu. "Reverse!" yana tafiya da baya da duk jikinsa. Ya yafito wasu masu zem suka sa kafaɗa, motar ta fito tana tari.

Muka kama hanyar gida. Ina tsara yadda zan ba kawu haƙuri, don an bugi baƙonsa a gabana. Kuma, tunda na yi alkawarin faɗin gaskiya, can ƙasan zuciyata ina jin wani sanyi cewa yau za a yi wa abokina faɗa.

Muna shiga zaure baƙon ya kama hannun abokina ya ɗaga sama, yana ta zuba Turanci. Kawu ya juyo wurina ya ce, "Me yake cewa?"

Ni ne tafinta. Da bakina na fassara cewa wannan mutumin shi yake so ya riƙa raka shi, shi da duk wanda zai turo. Na fassara daidai, ban rage ko kalma ba. A gidan mai gida kuwa, abin da baƙo ya zaɓa shi ake yi.

Kawu ya dubi abokina ya ce, "Kai, gobe ka ajiye babur."

Da aka watse na ce, "Kawu, ai kalmomin nan na san su. Na fi shi saninsu."

Ya ce, "Na yarda ka san su. Ruwa ne bai jira ka ba." Ya ciro makullan ɗakunan baƙi ya miƙo mini. "Kai ka riƙe mini gida. Babu wanda zan ba waɗannan in yi barci sai kai."

Gaskiya ya faɗa, kuma yabo ne. Amma na karɓe su kamar an miƙo mini garwashi.

Daga nan ni ne mai lura da shimfiɗa da tuwo da ruwan wanka, shi kuwa yana ratsa layinmu da shadda, baƙi a bayansa, ana yi masa irin gaisuwar da ake yi mini da. Ya fara raka motoci har iyakar Seme, daga baya har Legas. Da ya yi mini fankama da na samu abin riƙewa. Bai yi ba. In ya dawo sai ya shigo da tsaraba, ya zauna a tabarmata, ya ce wa maiɗakina, "Mijin nan naki shi ya ja ni ajin nan da ƙarfi, komai na samu shi ne sila." Ni kuma in ce, "Allah ne." In ya fita sai in kasa cin abinci.

Abin ya dame ni har na je wurin limaminmu na tambaye shi ko hassada nake yi. Ya ce in ina son irin abin da ya samu ne kawai, ba laifi. In kuwa ina son ya rasa, nan ne matsala. Na dawo ina bincikar zuciyata kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Wata rana in tarar da ita fes. Wata rana kuma, in na ji an ce an tsare motocinsu a iyaka, sai in ji wani abu ya motsa kafin in ce Allah ya kyauta. Sai in yi ta istigfari.

A ƙarshe mutumin Anacha ya ɗauke shi gaba ɗaya. Ya koma Nijeriya da iyalinsa. Da farko saƙo na zuwa ta bakin direbobi, daga baya ya yi ƙasa, har ya ɗauke. Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa, kasuwar motocin ma ba kamar da ba. Ni ina nan Zongo, na aurar da 'ya'yana, ban rasa ci ba ban rasa sutura ba.

Abin da na gane da girma shi ne, bai ƙwace mini komai ba. Ticha ɗaya ya koyar da mu, kalmomi iri ɗaya. Shi ya yarda a yi masa dariya, ni ban yarda ba. Na san wannan sarai, ina iya bayyana wa kowa shi dalla-dalla. Amma sanin bai kashe abin ba. Har yau in na ji wani yana Turanci da sauri ba tare da tsoro ba, sai in ji ƙirjina ya ɗan matse, ni da furfurata.

To ga roƙona. Labari na ƙarshe da na samu, an ce an gan shi wajen Agege yana sayar da kayan gyaran mota, wani kuma ya ce a'a, Anacha ya koma. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, akwai tabon ƙunar salansa a ƙwaurinsa, kuma in yana magana duk jikinsa ke yi. Wanda ya san mutumin Kotonu mai wannan kama, don Allah ya sanar da ni ko yana raye, ko yana lafiya, ko 'ya'yansa sun girma. Ina so in ji muryarsa kafin ɗayanmu ya tafi. Sai dai in ya gina bene, ku fara gaya mini lafiyarsa tukuna. Ku bar ni in yi alwala in zauna, sannan ku faɗi benen.