Daren da Kaka ta ƙi cewa ƙurunƙus

A Hayyin Ashir, unguwar benaye da muke zaune a ƙasar waje, ba a hura wuta a tsakar gida, don babu ma tsakar gidan. Amma Kaka, mahaifiyar Baba, ba ta yarda da hitar lantarki ta ɗumama ɗaki ba. Kaskon gawayi take ajiyewa a bakin baranda, mu kewaye shi bayan magariba, ta yi ta zuba mana tatsuniya. Duk yadda dodo ya firgita ni ba na damuwa, don na san a ƙarshe za ta ce ƙurunƙus, ba don gizo ba da ta yi ƙarya, in yi barcina.

Cikin sanyin 2011, ranar da zanga-zanga ta yi tsanani aka katse wayoyi aka sa dokar hana fita, Baba ya tafi shagonsa na yadi a Wustul Balad, can tsakiyar birni, bai dawo ba. Tankokin soja na wucewa, gilashin tagarmu na karkarwa. Ran nan Kaka ba ta ce ga ta nan ga ta nanku ba, salati ta yi.

Ta ba mu labarin Bani Isra'ila, mutanen birnin Ƙudus, da suka riƙa tauye awo suna cin dukiyar marayu. Allah ya aiko musu annabi, ya yi ta gargaɗi har muryarsa ta dishe, suka jefa shi rijiya. Sai Allah ya taso musu sarkin Babila, wanda ko sallah bai sani ba. Ya kewaye birnin har abinci ya ƙare, ya ƙone masallacinsu, ya tasa ƙeyar magidanta zuwa ƙasarsa a ɗaure.

Ni dai a raina sarkin Babila ne cikin tankokin nan, kuma Baba na cikin waɗanda aka ɗaure. Na riƙe zanenta ina roƙo ta ce ƙurunƙus mana.

"Maigidan, wannan ba ta gizo ba ce," in ji ta. "Ba zan yi wa Allah ƙarya don ka yi barci ba."

Na kwana da haushinta, ido biyu.

Da na girma malamai sun koya mini cewa azzalumi bulala ce, in an gama horo da ita sai a karya ta. Amma ba wannan ya zauna mini ba. Sai daga baya na gane ba ni take tsoratarwa ba, ɗanta ne a waje, gidanta take bincika ko da laifin da zai jawo masa bulalar. Don da hantsi Baba ya shigo, ashe a masallaci ya kwana. Ko sannu ba ta yi masa ba, ta kama hannunsa.

"Faɗa mini tsakaninka da Allah, kana cika wa mutane awo kuwa?"