Aladu a Gonar Babanmu

Ranar farko: Funtuwa zuwa Bakori

Tun kafin kiran assalatu na ɗaura wa jakina akumari, ina idar da sallar asuba na kama hanya, ko kunu ban tsaya sha ba. Magana ce ta tashe ni. Wani ɗan koli ya zo bakin karofi inda muke rini, ya faɗa a gaban kowa cewa ƙanena Sale ya zuba aladun Maguzawa a gonar marigayi babanmu, can ƙauyenmu kusa da Gozaki, har ana kiranta Gonar Alade. Abokan aikina suka yi ta dariya har la'asar.

Bazara ce, ruwan farko bai daɗe da sauka ba, ƙasa da laushi. Da hantsi na iso ƙofar Bakori. Mai tsaron ƙofa ya dubi hannuna baƙi ƙirin da shuni, ya dubi jakin.

"Marini, ina kayan?"

"Ba ciniki ya fito da ni ba."

"To, Allah ya huci zuciyarka," in ji shi, ya ba ni hanya.

Ba a ratsa dajin gabas mutum ɗaya, sai na sauka gidan wani masaƙi abokina in jira ayari. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, loma uku na yi na tsame hannu.

Rana ta biyu: Bakori zuwa ƙauyenmu

Gari na wayewa muka tashi da fataken hatsi, takarkarai tara da jakuna. Rafi biyu muka ƙetare, na biyun ruwa iya gwiwa. Da azahar muka yada zango ƙarƙashin wata tsamiya, matan Fulani suka dama mana fura. Bayan la'asar na rabu da ayarin, na yanki hanyar ƙauyenmu. Ban shiga gida na gaida Inna ba, gona na zarce.

Ga su kuwa, goma sha ɗaya, cikin shingen ƙaya a tsakiyar gonar, suna ta tonon ƙasa da hanci suna gurnani. Na ga rabin gonar na gabas baƙi wuluk, a barbaje kamar an yi kaftu, rabin yamma kuma tofa ce iya ƙugu, ciyawar nan mai saiwa kamar igiya da ke kashe gona. Na gani da idona, amma ban tsaya tunani ba. Na sa sanda na yaye ƙayar, na hau su da duka. Suka fashe da gudu suka gangara fadama, suka faɗa cikin gwazar surukin mai gari.

Ihun masu fadama ne ya fito da Sale, bayansa Baba Nomau, Bamagujen da ke da aladun, abokin farautar babanmu tun suna samari. Tsohon ya gangara yana kiran dabbobinsa da wani ɗan fito. Sale kuwa ya tsaya yana huci.

"Yaya, me ka yi?"

"Ni kake tambaya? Ƙazanta a gonar Baba!"

"Sau nawa na aika maka? Damina uku ina aike, tofa ta cinye gona, ka zo mu haƙa. Ka zo? Na kira gayya, mutum huɗu suka fito, kafin azahar sun gudu. Mai gari ya ce in bana ba a shuka ta ba zai ba wani. Baba Nomau kaɗai ya ce in kawo ƙaya, shi zai kawo masu haƙa. Wata biyu muna matsa shingen nan gaba kaɗan-kaɗan, suna cin saiwar suna zuba taki. Saura rabi mu gama!"

Na sauke sandar. Da muka shiga gida Inna ta amsa gaisuwata da ƙyar, ta juya ta ci gaba da tankaɗe.

Rana ta uku: zauren mai gari

Da hantsi aka kira mu. Zauren ya cika da mutanen da suka ƙi fitowa gayya, kowa ya zo da bakinsa. Surukin mai gari ya zube tarin gwazar da aka tumɓuke a gabanmu, kwando ɗaya ba ta cika ba, yana ta salati kamar an ƙone masa rumbu. Wani ya ce hatsin da zai fito a gonar ma haramun ne.

Mai gari ya juya ga liman. "Malam, me littafi ya ce?"

Liman ya ce, "Cin namansu ne haramun. Mai rai kuwa, in ya taka ƙasa bai mayar da ita najasa ba. Dawar da za ta fito halal ce, ni ma in an ba ni zan ci."

Na ji sanyi, na ɗauka magana ta ƙare. Sai mai gari ya gyara zama ya ce shi ba ta halal yake ba, ta ɓarna yake. Aladu su bar ƙasarsa kafin faɗuwar rana. Rabin da ke da tofa kuma, ya ba mu kwana goma, in ba mu share ba ya zama na mai gwaza, ramuwar ɓarnarsa.

Na miƙe. "Ranka ya daɗe, rabin gona a kan kwandon gwaza?"

"Wa ya buɗe shingen?" ya tambaye ni.

Na koma na zauna.

Da yamma Baba Nomau ya kora dabbobinsa. Na bi shi har bakin rafi ina ba shi haƙuri. Ya ce, "Ɗan Mamman, ubanka ma bai taɓa cin abincin gidana mai nama ba, ban kuma taɓa jin haushinsa ba. Amma shi yakan tambaya kafin ya ɗaga sanda."

Kwana goma a gona

Ni da Sale muka duƙa da garma daga asuba zuwa magariba. Saiwar tofa tana nitsewa fiye da kamu biyu, in ka bar guntu kamar ɗan yatsa, bayan kwana huɗu ya tsiro. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, na naɗe da tsumma. Masu wucewa fadama sukan tsaya su ce mana sannu da aiki, babu wanda ya karɓi garma ko sau ɗaya. Ranar ta goma muka auna abin da muka share, kunya goma sha biyu. Aka zo aka kafa duwatsun iyaka daidai inda garmarmu ta tsaya. Ɗorawar da babanmu ya dasa da hannunsa ta faɗa ɓangaren mai gwaza.

Komawa

Na tsaya kwana biyu muka shuka dawa a rabin da ya rage. Ƙasar da aladun suka juya, da dunduniya kaɗai kake binne iri. Ran da zan tafi Inna ta ƙulla mini daddawa a ganye, ta ce, "In an aika maka, ka riƙa zuwa." Sale ya raka ni har tsamiyar zango, ba mu yi wata magana mai tsawo ba.

Na kwana Bakori, washegari kafin azahar na shigo Funtuwa. Ina isa karofi wani ya ɗaga murya, "Yaya aka kwashe da aladun?" Na buɗe tafin hannuna na nuna masa, na ce duk mai sauran dariya ya zo in ba shi garma. Kowa ya koma kan rininsa.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa masaƙin Bakori da fataken da suka riƙe ni a hanya, da liman da ya faɗi gaskiya ba a so ji ba. Baba Nomau kuwa na rina masa riga da hannuna na aika, aka ce ya karɓa, ya tambaya ko dawar ta tsiro.