Muryar Malam a Gindin Randa

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Kano ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da mahaifiyata. Waɗanda suka ga hoton da na saka na randa da waya ta ɓullo daga gindinta suna ta tambaya ko bokanci na fara, to ga bayanin.

Abin da ya fitar da mu wata 'yar na'urar sauraren waƙa ce tsohuwar yayi, ba ta kai tafin hannu ba, wadda nake jonawa da rediyon motata. A cikinta akwai karatun mahaifina, Allah ya ji ƙansa. Malamin makarantar allo ne a Durba ta ƙasar Kibiya, yana kuma karantar da manya littattafai bayan la'asar. Ƙanena ne ya kwashe karatun daga kaset-kaset ya zuba a ciki shekarun baya. Kwamfutar da ya yi aikin da ita ta mutu, kaset-kaset ɗin kuma gara ta yi biki da su. Wato duk duniya muryar Malam ba ta ko'ina sai a cikin wannan 'yar aba, ni kuma don wayo na mai da ita abokiyar tafiya, ta sha rana a gaban mota, ta sha gargada. Ta cika maƙil, ba wurin ƙara ko waƙa ɗaya. Watan jiya kuma ta fara wani ƙas-ƙas daga ciki, tana ɗaukewa a tsakiyar karatu. Masu gyaran waya uku a birni suka duba, kowa ya ce in sayi sabuwa. Wani direba ne ya ba ni labarin wani dattijo a Kibiya da yake fasa irinsu ya sa musu memori. Inna da ta ji Kibiya za ni ba ta nemi izinin kowa ba, na dai fito na tarar da ita a kujerar gaba da ƙullin goronta.

Mun bi titin Zariya, muka karya kwana a Karfi, inda masu gasa masara suka riga rana fitowa. Daga nan zuwa Bunkure ido ba ya ganin komai sai kore. Shinkafa ta kwanta hagu da dama har iya ganinka, ruwa yana gudu a magudanan noman rani, dawa ta fitar da kai ta fi motar tsawo. Na daɗe ina bin hanyar nan, amma ban taɓa binta a wannan lokaci da sassafe ba. Na yi ta tasbihi ni kaɗai, Inna tana faɗa min gonar wane ce wannan a da, waccan kuma ta wane.

Duwatsun Rano kuwa sai wanda ya gani. Manya-manya, sumul, wani ya hau kan wani ya zauna kamar da hannu aka ɗora, ka rantse iska kaɗan za ta ture shi, alhali tun kafin kakanninmu yana nan. A gefen tasha muka karya da waina da miyar taushe, mai wainar ta ƙara mana biyu saboda Inna ta gane kakarta. Tumatir da attaruhu sun yi arhar da ta ba ni haushi, don na tuna abin da na biya a unguwarmu shekaranjiya. Inna ta yi ciniki har mai tumatir ya fara ba ta haƙuri.

Hantsi ya ɗaga muka shiga Kibiya. Shagon da aka kwatanta min ɗan ƙarami ne, yana manne da gidan injin niƙa. Mai shi dattijo ne mai farin gemu, tsohon mai gyaran rediyo, tabaraunsa ɗaure da zare. Ya kara na'urar a kunne, ya saurari ƙas-ƙas ɗin, ya dube ni ta saman tabarau.

“A mota kake ajiye ta?”

Na ce e. Ya girgiza kai. Ya yi min bayani cewa a cikinta akwai wani ɗan faifai mai juyawa, da allura a samansa da ba ta son zafi, ba ta son girgiza. Zai cire shi ya sa ɗan allo mai ramukan memori, wanda babu abin da yake motsi a jikinsa, kuma zai ci ninkin ba ninkin abin da faifan yake ci. Wannan ba wahala. Wahalar ita ce a kwashe abin da ke cikin faifan kafin ya mutu, don a yadda ya ji kukansa, ba lallai ya kai azahar ba. Da ya tambayi me ke ciki na faɗa masa, sai ya cire tabarau ya yi wa Malam addu'a. Ashe ya taɓa ɗaukar karatu a wurinsa.

Abin da ya biyo baya ban taɓa gani ba a duk shagunan birni masu fitilu da gilasai. Ya ɗauko busasshen gwangwanin madara, ya shimfiɗa tsumma a ciki, ya kwantar da na'urar, ya rufe. Ya kai gwangwanin gindin randar da ke lungun shagon, ya tura shi cikin jiƙaƙƙen yashin da take zaune a kai, waya kawai ta fito zuwa tsohuwar kwamfutarsa. Ya ce sanyin wurin daidai ne, ba ya kawo gumi a jikin ƙarfe. Sannan ya fita ya yi magana da mai injin niƙa. Ban ji me ya ce ba, na dai ji an ambaci Malam na Durba, sai ƙarar injin ta yi ƙasa, ta mutu. Ƙasar shagon da take rawa tun zuwanmu ta tsaya cak. Mutane suna layi da kwanukan hatsi, ana tsakar aiki, amma ba wanda ya yi ƙorafi. Wata tsohuwa ma ta ajiye kwanonta ta zauna a bakin ƙofa tana jan carbi.

Jerin karatun ya fito a kwamfuta, sittin da 'yan kai, ba suna sai lambobi. Dattijon ya ce in zaɓi wanda za a fara da shi, don ko yaushe faifan zai iya tsayawa. Na buɗe baki zan ce a fara da karatun gado, wanda na fi ji da shi, sai Inna ta riga ni.

“Akwai na ranar da ruwa ya katse karatu. A fara da shi.”

Na san shi sarai. Shi ne wanda kullum nake tsallakewa, don minti kaɗan da farawa ruwan sama yake saukowa a kan kwano, daga nan ba ka jin komai sai shaa. Ban taɓa sauraronsa har ƙarshe ba. Gaskiyar da ban faɗa mata ba ita ce, da ban ji labarin dattijon nan ba, shi ne na farko da na yi niyyar gogewa don in samu wurin zuba waƙoƙi. Na ce, “Inna, ai wannan ba komai a cikinsa.” Ta ce, “Kai dai a fara da shi.”

Aka fara da shi. Wani koren layi ya riƙa jan ciki a fuskar kwamfutar, mu kuma mun zuba masa ido. Dattijon ya hana kowa taka ƙasa da ƙarfi, ni har numfashi nake yi a hankali. Ɗaya ya wuce, biyu, goma, talatin. A na arba'in da bakwai muka ji ƙas ɗaya mai ƙarfi daga cikin gwangwani, layin ya tsaya. Ya gwada sau uku, faifan bai sake juyawa ba. Rabin karatun gadon yana cikin waɗanda suka tafi. Na ji zafin abin ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Sauran aikin bai ɗauke shi awa ɗaya ba. Da bakin cokalin da ya goge ya yi siriri ya ɓamɓare murfin, ya zare wata 'yar waya mai faɗi kamar ganyen albasa, ya cire faifan, ya dasa allon da memori biyu, ya canja batir. Ya mayar da karatun da aka ceto, ga fili fetal ya rage. Ya ce ba a gwada aikinsa a kan tebur, mu ɗauki hanyar Durba, in ta ɗauke ko sau ɗaya mu dawo masa da ita.

Hanyar ta yi mana gwajin da ya dace, rami yana miƙa mu ga rami, amma murya ba ta ko girgiza ba. Inna ta ce in sa na ruwan. Malam ya yi bismilla, ya fara karatu, ruwa ya kece, aka ji ɗalibai suna watsewa. Na kai hannu zan tsallake bisa sabo, ta buge min hannu. Can cikin ƙarar ruwan sai ga muryarsa, ba irin ta karatu ba, ta cikin gida. Ashe ya manta bai kashe rikoda ba. Yana kiran Inna ta fito su kwashe shanyar gero. Aka ji ta amsa daga nesa, yarinya ɗanya, tana cewa ai ta faɗa masa hadarin nan ba na wasa ba ne. Sai ya yi dariya, doguwa, har da tari. Na girma a gabansa, ban san yana irin wannan dariyar ba. Na gangara gefen wata gonar dawa na tsaya, don idona ya daina ganin hanya. Inna ba ta yi kuka ba, bakinta ne kawai yake motsi tare da maganar.

A Durba na yi wa Malam ziyara a maƙabarta, Inna tana jira a gidan 'yan'uwa, muka ci dambu da zogale, muka juyo bayan la'asar. Tafiyar nan ta koya min cewa na yi shekaru ina kukan wuri ya yi min kaɗan, alhali abin da ke cikin wurin ma ban gama saurara ba. Ta kuma nuna min garin da za a kashe injin niƙa da rana tsaka saboda muryar malamin da ya rasu.

Mun iso ƙofar gida ana shirin kiran magariba, na ruwan yana ci karo na huɗu. Na kai hannu zan zare mukulli, Inna ta riƙe min hannun riga.

“Dakata,” ta ce, “bari mu gama kwashe geron.”