Fuskar 'Yata a Bangon Faifai

Abokin sana'ata ya ɗauki hoton 'yata ya manna a bangon faifan waƙar soyayya, saura sati uku a ɗaura mata aure. Abin da ya yi min ke nan. Sama da shekara ashirin muna shago ɗaya a Gyaɗi-Gyaɗi, kwamfutarmu ɗaya, kwanon abincinmu ɗaya.

Ni ban yi boko mai nisa ba, a aji uku na sakandare na tsaya. Amma aikin bango na san shi tun zamanin kaset, lokacin da da almakashi da gam muke haɗa hoto. Kowace waƙa da irin rigarta. In ta bege ce, kore za ka shimfiɗa, ka sa kubba, ba mace ko ɗaya. In ta siyasa ce, hoton ɗan takara ya fi na mawaƙi girma, ka kuskura ka daidaita su aikin ya dawo maka. In ta soyayya ce, mawaƙi yana dama, hannu a ƙirji, sunansa da jan rubutu mai inuwa, sai fuskar mace a hagu can sama, a dusashe kamar tana cikin gajimare. Kuma akwai dokar da ba a rubuta ba, kowa a sana'ar ya san ta: ba a sa 'yar gida. Ka nemo ta Indiya, ko 'yar fim da ta yarda da bakinta.

Hoton ni na ajiye shi a kwamfutar. Ita ce da angon, za mu yi musu kalanda da sitikar da ake mannawa a robobin rabo. Ranar da na tafi ta'aziyya wani mawaƙi ya zo, wai shi ya gaji da Indiyawa, Bahaushiya yake so da mayafi. Abokin nawa ya buɗe hoton, ya yanke angon, ya dasa mawaƙin a gurbinsa.

A tashar Unguwa Uku na gani, a baron wani mai sayar da faifai. Mayafin na fara ganewa, ruwan hoda, uwarta ce ta goge mata shi. Na ce wa mai baron ya kwaso min duk wanda yake da shi.

"Baba, duka?" ya ce yana dariya. "Ko ƙarin aure za a yi ne? Ai wannan ita ake yayi. In ta waya kake so ma ga masu turawa can, da hoton take fitowa."

Faifai ka iya tsince shi baro-baro. Waya fa?

Kwana uku ban gaya wa kowa ba. Duk adaidaita sahun da ya wuce da kiɗa sai na waiga. Da wayata ta yi ƙara, sai na ce shi ke nan, daga Tarauni ne. Uban angon a can yake, tsohon ma'aikacin gwamnati, mutum mai bincike. Tun wajen neman auren sai da ya tambaya ko gaskiya ne aikin mawaƙa nake yi. Yanzu ga surukarsa kafaɗa da kafaɗa da mawaƙi. A gida ina kallon yarinyar tana jera kwanukanta a kwali, tana waƙe-waƙenta. Uwarta ta ce, "Malam, lafiya kuwa?" Na ce ciwon kai ne.

A rana ta huɗu na ce gara uban angon ya ji daga bakina. Bayan la'asar na same shi a ƙofar gida, muka gaisa, na miƙa masa faifan. Ya sa tabarau, ya duba gaba, ya juya baya inda ɗan tambarin shagonmu yake.

"Malam, wannan ba aikin shagonka ba ne?"

"Namu ne, Alhaji."

"To yaushe ta je suka yi hoto da wannan?"

Na ce ba ta taɓa ganinsa ba. Idona na kan faifan, sai na hango abin da kwana uku ban lura da shi ba. Abokin nawa da gaggawa ya yi yankan. A gefen kafaɗar mawaƙin ya bar ɗan aikin wuyan babbar rigar angon, shuɗi, bai fi faɗin farce ba. Na ɗora yatsa a wurin.

"Alhaji, duba nan. Rigar ɗanka ce."

Ya matso da shi kusa da ido, ya daɗe. Sannan ya ce, "Tawa ce ma, ara ya yi. Za mu yi shawara."

An ɗaura auren, amma sai da aka ɗaga shi wata biyu. Har yau akwai gwaggon angon da ke kiran 'yata "ta faifai", kuma yarinyar ba ta ƙara yarda an ɗauke ta hoto ba, ko ranar sunan ɗanta.

Ran nan kuwa, daga gidan Alhajin ban je gida ba, shago na wuce. Na tarar da abokin nawa a gaban kwamfuta yana cin gyaɗa. Na ajiye faifan a gabansa.

"Haba mutumina," ya ce, "ai a dusashe na sa ta. Wa zai gane?"

Na ce, "Kai ka gane ta ai. Kai ka feɗe ragon sunanta, Baba take kiranka. Da 'yarka ce, ko a dusashe za ka sa? Yankan ma ba ka iya ba, kuma rashin iyawarka ce kaɗai ta rufa min asiri yau. Ka riƙe kwamfutar, ka riƙe shagon. Ranar biki kada in ga ƙafarka a layinmu."